Ganyen Kakata Da Idona Na Hagu

Idona na hagu ba ya gani tun ina ɗan shekara goma sha huɗu. Yana bambance haske da duhu, idan mutum ya gifta yana ganin inuwarsa, amma ko babban harafi ba ya iya karantawa. Duk wanda ya dube ni da kyau zai ga farin tabo a kan baƙin idon, wato hakiya. Ana yawan tambayata ko da ita aka haife ni. Ba da ita aka haife ni ba, kuma waɗanda suka yi jinyar idon har ya kai ga haka su ne suka fi kowa ƙaunata a duniya.

Kakata ta wajen uba, Allah Ya jiƙanta, an san ta da maganin ido. Ba ta karɓar komai a hannun kowa. Idan Apolo ya shigo, tun da sassafe za ka tarar da mata da yaransu a ƙofar ɗakinta, idanun yaran sun yi jajir, kwantsa ta liƙe su. Sai ta tsinko wani ganye, ta murje shi a tafin hannunta da ɗan ruwa, ta ware idon yaro ta matsa masa. Yaro ya ƙwalla ƙara, ita kuma ta ce zafin nan shi ne aikin. Bayan 'yan kwanaki sai uwar ta dawo godiya, ido ya washe tas. Ba sau ɗaya ko sau biyu na ga haka ba. Ni kaina an matsa mini ina ƙarami na warke. Ba zan faɗi sunan ganyen ba, don kada wani ya karanta wannan ya tafi nemansa.

Lokacin girbi ne abin ya same ni. Na sunkuya zan ɗauki dami, busasshen ganyen kara ya shafce ni a ido. Na murza, na ci gaba da aiki. Da dare sai na ji kamar an zuba mini tsakuwa a ciki, hawaye na ta zuba. Da gari ya waye Kaka ta dube ni ta ce, "Zo nan maigida, wannan ɗan abin ne zai kwantar da kai?" Ta matsa mini ganyenta safe da yamma.

Wannan jan idon bai yi kama da na yaran da ake kawo mata ba. Ido ɗaya ne kawai ya kama. Kwantsa ba ta da yawa. Zugin kuwa daga can ciki yake tasowa har ya riƙe mini rabin kai, hasken rana ya zama abokin gabata, na koma kwanciya a ƙuryar ɗaki da tsumma a fuska. Da wani ɗan farin ɗigo ya bayyana a kan baƙin idon, Kaka ta ce ciwon ne ya fito fili, alamar sauƙi ke nan. Ta ƙara yawan matsawar.

Da mahaifina ya ga abin ya ƙi, sai ya sayo wani maganin ɗigawa a hannun mai sayar da magunguna. Ranar farko da aka ɗiga mini na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Jan ya ragu, zugin ya lafa, gida ya cika da hamdala. Ashe maganin yana ɗauke da siteroid, sinadarin da ke kwantar da kumburi ta hanyar danne garkuwar jiki. Yana ɓoye alamun ciwo, ƙwayar cutar kuma ta samu fili ta bazu. Da ciwon ya dawo, ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Farin ɗigon ya faɗaɗa, wata farar mugunya ta kwanta a ƙasan baƙin idon kamar jinjirin wata. A ranar ne na rufe idon dama da hannu don in gwada, na ga ba na iya gane fuskar mahaifiyata.

A asibitin ido likita ya ɗiga mini wani ruwa mai launin rawaya, ya haska shuɗiyar fitila, sannan ya kankaro ɗan abu daga kan gyambon aka kai ɗakin gwaji. Ya juya ga mahaifina ya ce, "Malam, me aka sa masa kafin ku zo?" Mahaifina ya sunkuyar da kai. Likita ya ce, "Ba don in yi faɗa nake tambaya ba, don in san abin da zan yi ne." Sannan ya faɗa masa komai, ganyen da kwalbar duka.

Sakamako ya nuna fumfuna ce ta ci tantanin da ke rufe baƙin idon. Aka kwantar da ni, ana ɗiga mini magani kowace awa, dare da rana. Ga wani kuma da ke buɗe ɗan tsakiyar ido don rage zugi. Wani dattijo da ke gadon kusa da nawa, nasa idon ya riga ya huje kafin a kawo shi, sai cire shi aka yi. Na ji lokacin da ake yi wa 'ya'yansa bayani. Daren nan ban runtsa ba, ina ta roƙon Allah Ya bar mini nawa ko da ba zai gani ba. Haka kuwa aka yi. Gyambon ya warke, ƙwayar idon ta tsira, tabon ya zauna daidai inda haske ke shiga.

Abin da ya biyo baya a gida ya fi zaman asibitin nauyi. Mahaifina bai taɓa ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, bai kuma ce mata ita ce sanadi ba. Sai dai gaisuwarsa ta gajarce, kowa kuma ya lura. Kaka ta daina tsokanata. Idan na shiga ɗakinta sai ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana kallon tabon. Wata rana ta ce da ni, "Ganyen nan na sa wa mutanen da ban san iyakarsu ba, kowa ya warke. Me ya sa sai kai?" Ba ni da amsar da zan ba ta. Har ta koma ga Mahaliccinta ba wanda ya amsa mata.

A makaranta sunana ya koma mai ido ɗaya. Idan zan zuba ruwa a kofi sai ya zube gefe, domin auna nisa aikin ido biyu ne. Na daina buga ƙwallo. Na sha karo da ƙofa da mutane ta ɓangaren hagu. Burina in shiga aikin ɗamara, gwajin ido ya fitar da ni tun a zagayen farko. Na shafe shekaru ina sanye da baƙin tabarau ko da yamma ta yi, ina tafe da haushin da ban san wa zan ɗora wa ba. In na ɗora wa Kaka sai in tuna hannunta a haɓata. In na ce ƙaddara ce kawai, zuciyata ta yarda, amma tambayar da ta yi mini tana nan ba ta gusa ba.

Na zama malamin kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma a nan ne na fara bin diddigin tambayar, ina karantawa, ina kuma yi wa ma'aikatan asibitin ido tambayoyi duk lokacin da na je a duba mini idon dama. Abu na farko da ya girgiza ni shi ne cewa yawancin jan ido da kansa yake warkewa. Apolo, wanda ya fara ɓulla a Ghana a 1969, bairas ne ke kawo shi, kuma yakan wuce cikin mako ɗaya zuwa biyu ko an sa magani ko ba a sa ba. Har wanda bakteriya ke kawowa ma, mafi yawansa haka yake. A 2005 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ingila a kan yara 326 masu jan ido. An ɗiga wa rabinsu chloramphenicol, maganin kashe bakteriya, sauran kuma aka ɗiga musu ruwan da babu magani a ciki, ba tare da iyaye ko likitoci sun san wa aka ba wane ba. A rana ta bakwai kashi 86 cikin 100 na masu maganin sun warke, na masu ruwan banza kuwa kashi 83.

Na daɗe ina juya waɗannan alƙaluma. Idan maganin asibiti da kansa da kyar ya zarce ruwan banza a irin wannan ciwo, to duk abin da aka sa wa yaran nan zai ci sunan mai warkarwa. Kaka ba ƙarya take yi ba, kuma ba wauta ce ta sa ta amince da ganyenta ba. Ta ga yara sun zo da ciwo, ta ga sun warke, shekara da shekaru. Abin da ba ta taɓa gani ba shi ne yaran da ba a kawo mata ba, waɗanda su ma suka warke a gidajensu. Ni kuma ciwona daban ne. Nasu kumburin fatar da ke lulluɓe da farin ido ne. Nawa rauni ne a kan tantanin baƙin ido, inda babu jijiyoyin jini, inda ƙwayar cuta ke iya cinye nama cikin kwanaki. Daga waje duka biyun jan ido ne.

Irin fumfunar da ta kama ni, dangin Fusarium da Aspergillus, a jikin tsirrai da ƙasa take rayuwa, shi ya sa manoma suka fi kamuwa. Wani nazari da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa idanu fiye da miliyan ɗaya ne ke kamuwa da ita kowace shekara a duniya, akasari a ƙasashe masu zafi. A kaina abubuwa sun taru ne: karan da ya yanke ni, ɗanyen ruwan ganye da aka yi ta zubawa a kan buɗaɗɗen rauni, kwanakin da aka ɓata ana jiran sauƙi, sannan kwalbar siteroid. Ina ambaton kwalbar da gangan, domin masu zagin maganin gargajiya sukan manta cewa maganin bature da aka saya babu gwaji yana makantarwa shi ma.

Likitocin ido sun daɗe suna ƙirga irina. A Tanzaniya, wani bincike na 1994 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu gyambon ido da aka duba sun sa maganin gargajiya kafin zuwansu. A karkarar Malawi, a shekarar dai, kusan ɗaya cikin uku ne. A Uganda, binciken 2019 ya samu kashi 60 cikin 100, kuma waɗanda suka sa sun fi makara zuwa asibiti, idanunsu sun fi lalacewa. Wasu abubuwan ƙona ido suke yi kai tsaye. Farin ruwan tumfafiya yana lalata ƙwayoyin da ke bayan tantanin ido har ya kumbura gani ya dushe, ruwan tinya ma yana ƙuna. Wasu kuma cuta suke kai wa idon. Mafi muni shi ne fitsari, wanda har yanzu akwai masu rantsuwa da shi: idan mai fitsarin yana da ciwon sanyi na gonoriya, ƙwayar tana iya huda ido cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai ɗalibaina da kan kawo mini labarin cewa an gwada ganye kaza a ɗakin bincike ya kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne, darbejiya da tafarnuwa da tsirrai da dama suna hana bakteriya yaɗuwa a cikin farantin gwaji. Nakan ce musu ruwan bilic ma yana kashe su a faranti, wa zai ɗiga shi a ido? Tsakanin faranti da idon mutum akwai tambayoyi masu yawa: nawa za a sa, yana ƙona tantani ko ba ya ƙonawa, yana ratsawa ya kai inda cutar take, kuma ya fi rashin sa komai ko bai fi ba. Wannan ta ƙarshen ita ce yawancin ganyayyakin ido ba su amsa ba. Turawa ma suna da nasu. Akwai wata ciyawa mai suna Euphrasia da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna wanke ido da ita, amma kwamitin gwamnatin Jamus mai tantance magungunan tsirrai bai amince da ita ba, saboda babu hujjar tana aiki, ga kuma matsalar tsafta. An kuma samu mutanen da wanke ido da ruwan furen kamomil ya tayar musu da kumburi da ƙaiƙayi. Zuma an gwada ta a kan bushewar ido da kumburin bakin fatar ido, amma wadda aka tace aka kashe ƙwayoyin cikinta aka auna ƙarfinta, ba wadda aka ɗebo daga amya ba.

Abin da ya sanyaya mini rai game da Kaka shi ne ranar da na gano cewa maganin da aka ɗiga mini a asibiti don rage zugi, atropine, daga tsiro aka samo shi, wani mai guba da ake kira belladonna. Pilocarpine na hawan jinin ido daga ganyen wata bishiyar Brazil ya fito. Waken Kalaba, wanda guba ne, shi ya ba likitoci ɗaya daga cikin magungunan farko na hawan jinin ido tun ƙarni na 19. Natamycin, maganin da aka fi dogara da shi a kan fumfunar ido, daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka samo shi, a yankin Natal na Afirka ta Kudu, a 1955. Tunanin Kaka cewa akwai waraka a cikin tsirrai daidai ne. Waɗannan dai an ware sinadarin, an auna shi, an tsarkake shi, an gwada a kan masu ciwo iri ɗaya aka kwatanta. Ganyen da ke tafin hannunta kuwa yau yana da ƙarfi gobe ba shi da shi, kuma yana tafe da duk abin da ƙura da hannu suka ɗora masa.

Gwaggona ce ta gaji ganyen. Da aka haifa mini 'yata ta fari, tana 'yan makonni idonta ɗaya ya fara hawaye da kwantsa. Gwaggo ta zo ta ce a tatsa nono a ciki, a ranbaɗa mata kwalli, in bai yi ba za ta kawo ganye. Na ce ba za a sa komai ba. Ta ce, "Kai yanzu boko ya sa ka raina maganin uwarmu?" Na ce, "Gwaggo, ban raina ba. Ki dubi idona kawai." Ɗakin ya yi tsit. Ban taɓa faɗin haka a gaban kowa ba, kuma na ga yadda maganar ta soke ta. Amma jaririya ce. Ciwon ido a watan farko ba abin jira ba ne, domin akwai wanda ake ɗauka wajen haihuwa mai makantarwa da sauri. Saboda shi ne wani likita a Jamus ya fara ɗiga wa jarirai magani a ido da zarar an haife su tun wajen 1881. Kwalli kuwa, irin na dutse, dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka gwada kwallin da ake sa masa aka ga kashi 82.6 cikin 100 dalma ce.

Muka kai ta asibiti. Aka ce hanyar hawayenta ce ta toshe, abin da kan buɗe da kansa ga kusan duk jarirai kafin su cika shekara. Aka nuna wa uwarta yadda za ta riƙa danna gefen hanci a hankali tana goge kwantsar da auduga mai tsafta. Bayan 'yan watanni ya wuce. Gwaggo ta ce, "Ka gani? Da ka bari na sa nonon ai da ta warke." Na ce gaskiyarki Gwaggo, da ta warke. Da nonon ya ci suna, da ni ma na ƙara zama shaida a kan maganin da bai yi komai ba.

Mun ɗauki lokaci kafin mu shirya da ita. Ban nemi ta yarda cewa ganyen ba ya aiki ba, na san ba za ta yarda ba, uwarta ce ta bar mata shi. Abin da na roƙa shi ne ta riƙa tambaya kafin ta taɓa idon kowa. Wani abu ya soke shi ko ya shafce shi? Yana zugi, ko ƙaiƙayi kawai yake? Yana iya kallon haske? Ganinsa ya ragu? Akwai fari a kan baƙin? Jariri ne? Idan ɗaya daga ciki ya tabbata, ta ce a tafi asibitin ido a ranar, kada a biya ta wajen mai sayar da magani. Sauran kuwa na nuna mata a tafasa ruwa a bar shi ya huce, a jiƙa ƙyalle mai tsafta a goge idon yana rufe, a wanke hannu, kowa ya riƙe tawul ɗinsa. Har yau tana matsa ganyen idan ba na nan, ina sane. Amma ta taɓa kirana cikin dare a kan wani yaro da ƙaya ta soke shi, ta ce, "Wannan irin naka ne, ban taɓa shi ba." An kai shi da wuri, yana gani da idanunsa biyu.

Yanzu likitoci sun ce ana iya yi mini dashen tantanin ido, a yanke mai tabon a ɗinka na wani mamaci da ya ba da nasa. Sun kuma gaya mini gaskiya cewa jijiyoyin jini sun shiga cikin tabon, hakan yana ƙara yiwuwar jiki ya ƙi karɓar sabon, kuma zan daɗe ina ɗiga magani ina komawa a duba. Maganin da za a ba ni bayan aikin siteroid ne, irin wanda ya taimaka wajen lalata idon, sai dai a wannan karon likita ne zai auna shi yana duba idon. Matata tana so a yi. Ni ban yanke shawara ba tukuna, ina sanye da tabarau mai ƙarfi da ba ya fashewa don kare na dama, kuma wata mai zuwa zan koma mu sake zama da likitan.